Zomon Gida Ba Ɗan Daji Ba Ne: Haƙƙin Dabbar Keji a Lokacin Bazara

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce zomo ba bawan giwa ba ne, daji suka tara. Wannan karin magana gaskiya ce a kan zomon da ke wuni a gindin sabara, ya fita kiwo sa'ad da ya ga dama, ya koma inda ya ga dama. Amma akwai wani zomon da bai tara daji da kowa ba. Shi ne wanda yaranmu ke sayowa a kasuwa don sha'awa, ko wanda makaranta ke ajiyewa a bayan azuzuwa da sunan darasin aikin gona. Abin da aka ba shi shi zai ci, inda aka ajiye shi kuma nan zai wuni, ko da rana tana dukan wurin tun daga hantsi har la'asar.

Ra'ayin da wannan muƙala ke ɗauke da shi shi ne, duk wanda ya tsare zomo a keji ya raba shi da dabarunsa na kauce wa zafi, saboda haka inuwa da iska da ruwa sun zama bashi a kansa. Malamin da bai tanadi waɗannan abubuwa uku ba kafin bazara ta kama, bai kamata ya fara kiwon zomo da yaran mutane ba. Za a duba yadda suna ɗaya ya sa muka gwama dabbobi biyu, da yadda zafi ke illata zomon gida, da abin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya yi, sannan a saurari masu ja da wannan ra'ayi.

2.0 Yadda Suna Ya Yaudare Ni

Wata shekara cikin hunturu, ƙaramin ɗana ya tara kuɗin tararsa ya sayo zomaye biyu, mace da namiji. Na kira kafinta ya yi musu keji na katako da waya, ya rufa masa fallen kwano. Muka jingina shi da katangar gabas ta tsakar gida, wadda rana ke haska tun daga azahar har faɗuwarta. A lokacin sanyi wurin ya yi daidai. Zomanya ta haifi 'ya'ya biyar, duk suka tashi, yaro ya raɗa wa kowannensu suna.

Da watan Afrilu ya kama, sai ya zo ya same ni ina tsakiyar duba takardun jarrabawa, ya ce, "Baba, zomayena sun daina cin abinci da rana, sai haki suke yi." Ban ko ɗaga kai ba na ce masa, "Zomo ai ɗan daji ne, ya fi ka sanin rana." Kwana biyu bayan haka na dawo daga aiki da la'asar, na tarar da shi tsugune a gaban kejin. Uwar, wadda ke ɗauke da wani cikin, ta mutu, ita da uku daga cikin 'ya'yanta. Da na ɗora hannu a kan kwanon rufin sai da na janye shi da sauri. Gwangwanin ruwansu kuwa ya kife tun da safe.

Yaron bai ce da ni komai ba, wannan shirun kuwa ya fi kuka ciwo. Ya ga alama da idonsa, ya kawo rahoto kamar yadda ake son ɗalibi ya yi, babba ya kore shi da magana guda. Ni da na shafe shekaru ina koyar da ilimin ma'ana, kalma ce ta kayar da ni. Na ji "zomo" sai na tuna da zomon tatsuniya da na farauta, alhali wanda ke cikin kejin wata dabba ce daban.

3.0 Zomo Biyu, Suna Ɗaya

Al'adar harshe ce idan baƙon abu ya zo, a ɗauki sunan wani abu da aka sani mai kama da shi a laƙaba masa. Wannan shi ne faɗaɗa ma'ana. Bahaushe ya san jirgi a kan ruwa, da na dogo da na sama suka zo sai ya ce jirgin ƙasa da jirgin sama. Ya san dankali, da baƙon ya zo sai ya ce dankalin Turawa. A waɗannan misalai an riƙe kalmar da ke bambancewa. A wajen zomo kuwa, yawanci mun yar da ita, muna kiran na gida da na daji da suna ɗaya, har muka ɗauka halinsu ɗaya ne.

Zomon daji, wanda mafarauta ke kora da karnuka, ɗan ƙasa ne. Ba ya gina rami. Da rana yakan lafe a wani ɗan gurbi cikin inuwar ciyawa ko ƙaramar bishiya, ya fita kiwo da dare. Yana da dogayen ƙafafu da manyan kunnuwa, 'ya'yansa kuma ana haihuwarsu da gashi, idanunsu a buɗe.

Zomon gida kuwa asalinsa Turai ne. Kakanninsa na daji daga yankin Sifen da Fotugal suka fito, binciken ƙwayoyin halitta kuma ya nuna cewa daga waɗanda suka bazu zuwa Faransa aka samo na gida. Dabba ce mai gina ramuka masu rassa a ƙarƙashin ƙasa, ta wuni a ciki, ta fito da magariba da asuba. Zomanya takan ɗauki ciki na kimanin kwana 31, ta haifi 'ya'ya tsirara, idanunsu a rufe har sai sun yi wajen kwana 10. Bambancin ya kai ga cewa na gida da na daji ba sa haihuwa da juna. Ire-iren da ake kiwo a Nijeriya, kamar New Zealand White da Chinchilla da Dutch, duk daga wannan tsatso na Turai suke.

Abin lura a nan shi ne, zomon gida bai taɓa dogara da ƙarfin jikinsa ba wajen jure rana. Rami ne garkuwarsa. Mu kuwa mun ɗauko shi daga ƙasar sanyi, mun hana shi rami, mun ɗora shi a kan waya, mun rufa masa kwano, sannan mun ce ai ɗan daji ne.

4.0 Yadda Zafi Ke Illata Zomo

Idan mutum ya ji zafi sai ya yi gumi, gumin ya bushe ya tafi da zafin. Kare kan buɗe baki ya zaro harshe. Zomo ba shi da rabo mai yawa a ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan. Jikinsa lulluɓe yake da gashi mai kauri, ba ya gumin da zai sanyaya shi, kuma da hanci kawai yake numfashi a halin lafiya. Babbar hanyarsa ta fitar da zafi ita ce kunnuwa. Cike suke da jijiyoyin jini, ba su da gashi sosai. Idan zafi ya yi yawa sai jijiyoyin su buɗe, jini ya kwararo cikinsu, iska ta ɗebe masa zafi kafin ya koma jiki. Bayan wannan sai saurin numfashi da miƙewa a kan wuri mai sanyi.

Sai dai wannan dabara tana da iyaka. Zafin jikin zomo mai lafiya yana tsakanin digiri 38.5 da 40 a ma'aunin Salshiyas. Kunne yana iya zubar da zafi ne kawai idan iskar da ke kewaye da shi ta fi jini sanyi. Yanayin da zomo ya fi jin daɗi shi ne wajen digiri 15 zuwa 21. Da zarar an haura 30 sai ya rage ci, ya fara wahala. Daga 35 zuwa sama rayuwarsa tana cikin haɗari. To, a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafin rana a watan Afrilu kan kai digiri 40 har ya wuce, a inuwa ma ke nan. Ƙarƙashin fallen kwanon da ke tsakiyar rana ya fi haka nesa ba kusa ba. A irin wannan hali iskar da ke kaɗa kunnen zomo ta fi jininsa zafi.

Ba mutuwa ce kaɗai hasarar ba. Zomon da ya rage ci ba ya girma. Zomanya mai ciki tana iya yin ɓari ko ta mutu wajen haihuwa, mai shayarwa kuma nononta ya ragu. Namijin da ya daɗe cikin tsananin zafi yakan yi barbara a banza, kuma yakan ɗauki wajen wata biyu kafin ya dawo daidai. Shi ya sa mai kiwo kan ga damina ta sauka amma zomayensa sun ƙi haihuwa, har ya zargi maƙwabci da baki.

Lamarin kuma ba sauƙi yake yi ba. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, lokacin da wani matsanancin zafi ya ratsa yankin Sahel. Hukumar kula da yanayi ta duniya kuma ta bayyana shekarar 2024 a matsayin wadda ta fi duk shekarun da aka auna kafin ita zafi. Malamin da zai fara aiki yanzu, da irin wannan bazara zai yi ta gamuwa.

5.0 Abin da Ya Wajaba a Kan Mai Kiwo

5.1 Inuwa

Inuwa tafiya take yi. Wurin da ke da inuwa da ƙarfe 8 na safe, sa'ad da malami ke zaɓen mazaunin keji, yana iya zama tanda da ƙarfe 3 na yamma. Saboda haka kafin a ajiye keji sai a duba wurin sau uku: da hantsi, da azahar, da la'asar. Ranar yamma ita ce ta fi illa, domin tana shigowa ta gefe a daidai lokacin da ƙasa da katanga suka gama ɗaukar zafi. Gindin darbejiya ko mangwaro ko tsamiya ya fi ko'ina. Idan babu bishiya sai a kafa rumfa. Jinka da zana sun fi kwano sanyi. Wanda ya riga ya rufa kwano sai ya shimfiɗa masa ciyawa ko karan dawa mai kauri a sama, ko ya ɗaga wata rumfar a bisansa yadda iska za ta riƙa ratsawa tsakani.

5.2 Iska

Kejin da aka toshe da katako ko leda saboda hunturu, a buɗe shi idan sanyi ya wuce, a bar waya a ɓangarori. Kada a manna shi da katangar siminti, domin takan riƙe zafin rana har cikin dare. Kada kuma a cunkusa zomaye, kowannensu ya sami filin da zai miƙe sosai ba tare da ya jingina da ɗan'uwansa ba.

5.3 Ruwa

Akwai wata magana da ta yaɗu cewa zomo ba ya shan ruwa, wasu ma sukan ce ruwa kashe shi yake yi. Wannan kuskure ne mai halakarwa. Zomon da ke cin ɗanyen ganye da damina yana samun ruwa mai yawa a cikin ganyen, shi ya sa ba a cika ganin shi a bakin kasko ba. Da rani kuwa, dusa da harawa ake ba shi, busassu ƙayau. A ƙa'ida zomo yana buƙatar mililita 50 zuwa 150 na ruwa a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Ke nan mai kilo biyu zai sha abin da ya kai rabin ledar ruwan nan da ake sayarwa, da bazara ya fi haka, mai shayarwa kuma takan kai lita guda. A zuba a kasko mai nauyi wanda ba zai kife ba, a ajiye biyu maimakon ɗaya, a sauya da safe da rana da yamma. Kaskon ƙasa ya fi gwangwani, domin ruwan gwangwani saurin ɗumama yake yi, zomo kuma yakan rage sha idan ruwa ya yi zafi.

5.4 Hikimar Randa

Kowace Bahaushiya ta san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Dalili shi ne ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, idan ya bushe sai ya tafi da zafi. A kan wannan hikima ce Mohammed Bah Abba, wani malami a kwalejin fasaha ta Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Mai zomo zai iya cin moriyar wannan ilimi. Ya jiƙa buhun algarara ya rataya a ɓangaren da iska ke shigowa, ya tsoma bakinsa na ƙasa a cikin kwanon ruwa don ya riƙa tsotsa. Ya yayyafa ruwa a ƙasan rumfa da kan jinka da azahar. Ya kwantar da tsohuwar tukunya mai faɗin baki a cikin keji, ya jiƙa bayanta, zomo zai shige ciki kamar rami. Ɓallin fasasshiyar randa ko guntun tayil ma wurin kwanciya ne mai sanyi. Wanda ke da halin ƙanƙara zai iya daskarar da ruwa a gora, ya naɗe ta da tsumma ya ajiye, amma wannan ƙari ne kawai.

Wannan dabara ta fi aiki a Maris da Afrilu, lokacin da iska take a bushe. Idan damina ta matso, iska ta ɗauki laima, jiƙaƙƙen buhu ba ya bushewa da sauri, amfaninsa sai ya ragu. A sannan buɗe hanyar iska ya fi muhimmanci. A kowane hali kada a bar shimfiɗar zomo ta jiƙe, domin danshi da kashi su ke kiran cuta da ƙudaje, ƙuda kuwa yakan yi ƙwai a jikin zomo mai ƙazanta har ya yi tsutsa.

Ya kamata a yi adalci ga tsohuwar hanyar gida, wato sakin zomaye a ɗakin ƙasa su yi ramukansu. Ta fi kejin kwano sanyi ƙwarai. Aibinta shi ne ba a ganin 'ya'ya, ba a iya share rami, maciji da gafiya suna samun hanya, kuma ramin yana iya cin gindin gini. Abin da ya fi shi ne a haɗa biyun: a shigar da kejin waya cikin ɗakin ƙasa mai tagogi, ko zauren da ba a amfani da shi.

5.5 Abinci, Barbara da Ɗauka

Zomo ya fi ci da yamma da dare, saboda haka a ba shi babban abincinsa bayan la'asar da kuma sassafe. Harawa kada ta yanke masa. A ƙara masa ɗanyen ganye mai tsabta, kamar ganyen dankalin Hausa da latas da zogale, amma kaɗan-kaɗan, don sauyin abinci farat ɗaya yana kawo zawo. Tun da ciki kwana 31 ne, barbarar da aka yi a Maris haihuwarta a tsakiyar zafin Afrilu za ta faɗo. Hikima ita ce a raba maza da mata tun daga tsakiyar Fabrairu har ruwa ya sauka. Kada a yi tafiya da zomo da tsakar rana cikin kwali ko buhu. Kada a bar yara su yi ta wasa da shi cikin zafi. Haka nan a daina ɗaga shi da kunne. Gaɓar da yake sanyaya jikinsa da ita ba mariƙi ba ce. A tallafo ƙirjinsa da hannu ɗaya, ƙugunsa da ɗayan.

5.6 Tsaro

Buɗe keji don iska ba ya nufin buɗe shi ga maƙiyi. A yi amfani da waya mai ƙananan idanu, a ɗaga keji daga ƙasa, a share ciyawa da tarkace a kewayensa, a kuma tabbata ƙofa tana da sakata, saboda kyanwa da kare da gafiya da maciji.

6.0 Alamomin Haɗari da Taimakon Gaggawa

Zomo mai lafiya yana numfashi sau 30 zuwa 60 a minti guda idan yana hutawa. Wanda zafi ya fara cin ƙarfinsa za a gan shi a miƙe, cikinsa yana bugawa da sauri, kunnuwansa sun yi zafi sun yi ja, hancinsa ya jiƙe. Idan abin ya yi nisa sai ya ɗaga kai sama, ya buɗe baki yana numfashi, miyau yana dalala, ya kasa tsayuwa, daga nan sai shure-shure. Zomon da ya buɗe baki don numfashi yana bakin mutuwa ne, ba a jira da shi.

Nan take a mai da shi wuri mafi sanyi a gida. A shafa masa ruwan randa a kunnuwa, a ɗan jiƙa gashinsa, a kwantar da shi a kan jiƙaƙƙen tsumma, a yi masa fifita. Kada a tsoma shi cikin ruwa, kada a kwara masa ruwan ƙanƙara, domin firgita da sanyin farat ɗaya suna iya ƙarasa shi. A ajiye ruwa a gabansa, amma kada a ɗura masa, kada ya shaƙe. Ko da ya farfaɗo a nemi likitan dabbobi, saboda zafi yakan bar illa a ciki. Duk da haka, mai karatu ya sani cewa da yawa daga waɗanda suka kai wannan mataki ba sa tashi. Rigakafi ya fi magani.

7.0 Makaranta da Hutun Bazara

Haɗarin zomon makaranta ya fi na gida. A gida akwai mai leƙawa ko da wucewa ce. A makaranta kuwa, daga tashin Juma'a da ƙarfe 12 zuwa safiyar Litinin da ƙarfe 8 awa 68 ne. Wa ke zuba ruwa a cikinsu? Bugu da ƙari, hutun ƙarshen zango na biyu yawanci yana faɗowa ne a Afrilu, watan da ya fi kowane zafi. Sai a rufe makaranta, a bar wa maigadi buhun dusa da fatan alheri.

Saboda haka ina ba malamin gobe shawara ya amsa tambayoyi uku a rubuce kafin ya karɓi ko zomo ɗaya. Ina inuwar da ba ta gushewa? Ina ruwan zai fito kullum? Wane ne, da sunansa, zai duba su ranar Asabar da Lahadi da lokacin hutu? Idan an sami amsa, a fara kiwon da damina ko kaka, a rage yawansu kafin Maris, a kafa jadawalin yara masu kula, a kuma raba zomayen ga gidajen da ke da inuwa idan hutu ya zo, da yardar iyaye.

Kulawar ma kanta darasi ce. A rataya ma'aunin zafi ɗaya a ƙarƙashin kwano, ɗaya a gindin darbejiya, yara su riƙa rubuta abin da suka gani sau uku a rana. Cikin mako guda sun sami lissafi, sun sami kimiyya, sun kuma sami abin rubuta insha'i da idonsu ya gani.

8.0 Masu Ja da Wannan Ra'ayi

Wani zai ce, a lokacin da mutane ke fama da sanƙarau da layin rijiya, wa ke ta zomo? Magana ce mai nauyi, kuma ran mutum yana gaba da na dabba babu ko shakka. Amma babu wanda aka tilasta wa kiwon zomo. Wanda ya ɗaure dabba da hannunsa, shi ya ɗauki nauyinta. Ban da haka, yaron da ya koyi gane alamar zafi a jikin zomo, ya san inuwa da ruwa da fifita su ne taimakon farko, shi ne zai lura da ƙanwarsa ko kakarsa idan rana ta buge su.

Wani kuma zai ce wannan aikin malamin gona ne, me ya kawo shi littafin Hausa? Amsa ita ce, a makarantun firamare da yawa malami ɗaya ke riƙe da aji, shi ne na Hausa, shi ne na gona. Sannan kuskuren da ya kashe zomayen ɗana a harshe ya fara. Maganganu irin su "zomo ɗan daji ne" da "zomo ba ya shan ruwa" da Hausa ake yaɗa su, da Hausa kuma za a warware su. Masana a cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya, suna nazarin kiwon zomo, amma yawancin abin da ake rubutawa da Ingilishi yake. Malamin Hausa shi ne gadar da za ta kai wannan ilimi tsakar gida.

Na uku zai ce sai mai kuɗi, mai fanka da firji. Duk abin da aka lissafa a sama, ban da gorar ƙanƙara, babu mai buƙatar wutar lantarki. Zana ce da buhu da kasko da tsohuwar tukunya. Abin da ke da tsada a ciki shi ne lura.

Sai dai akwai gaskiyar da dole in amince da ita. A wasu wurare, makarantar da ba ta da bishiya ko ɗaya, ba ta da rijiya, za ta iya yin iyakar ƙoƙarinta zomo ya mutu. A irin wannan wuri, da muguwar rawa gara ƙin tashi. A fara dasa darbejiya, ko a yi kiwon zabi, waɗanda asalinsu na wannan nahiya ne kuma sun saba da ranarta.

9.0 Kammalawa

An ga cewa zomon gida baƙo ne daga ƙasar sanyi, wanda rami ne kariyarsa, kuma suna ne kawai ya haɗa shi da zomon dajinmu. An ga iyakar abin da kunnensa zai iya yi masa, da kuma abin da inuwa da iska da ruwa za su yi. Malami ya tuna cewa yara sun fi koyo daga abin da suka ga an yi fiye da abin da aka rubuta a allo. Idan suka dawo hutu suka tarar da keji cike da gawa, aka share aka wuce, sun koyi cewa amana abin wasa ce. Idan kuwa suka ga malaminsu ya zo ranar Asabar da tulun ruwa, wannan ma sun koya. Zomaye ukun da suka rage wa ɗana mun mai da su gindin mangwaro a daren ranar, suka kuma ga damina. Tun daga lokacin, idan yaro ya zo mini da rahoton abin da ya gani, nakan ajiye alƙalami in tashi in duba.

Jinga

1. Kawo misalai biyar na faɗaɗa ma'ana a Hausa ban da waɗanda aka ambata, ka nuna inda hakan zai iya kawo ruɗani.
2. Tattaro karin magana biyar da suka ambaci zomo. Wane zomo suke nufi, kuma mene ne dalilinka?
3. Wace hujja ce ta masu ja ta fi ƙarfi a ganinka? Shin marubucin ya amsa ta yadda ya kamata?
4. Tsara darasin minti 35 ga 'yan aji biyar na firamare a kan kula da dabbar gida lokacin bazara.